Lensi na gaba: amsar tana cikin hotunan da suka lalace maka

Galibin waɗanda suka sayi kyamara mai canjin lensi da abu ɗaya suka fara, wato ɗan zum ɗin nan da ake haɗowa da ita a kwali, mai rubutun 18-55mm f/3.5-5.6 a jikinsa. Watanni kaɗan za ka yi da shi ka soma jin ƙaiƙayi. Ka ga hoton wani, fuska fes, abin da ke bayanta ya narke kamar hazo, ka dubi naka ka ga mutum da bango da itacen da ke can nesa duk sun cakuɗe. Ko ka hango tsuntsu a kan reshe, ka murɗa zum har ya ƙure, a hoto ya fito kamar ɗigon tawada. Daga nan sai tambaya ta taso: wane lensi zan ƙara?

Idan ka jefa wannan tambaya a tsakanin masu ɗaukar hoto goma, amsa goma za ka samu, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya, domin kowa lensin da ya warware masa tasa matsalar yake yabo. Ni ma na taɓa bin irin wannan yabon na sayi wani dogon lensi, ya shekara a jaka, fitarsa ba ta kai biyar ba, saboda ni mai ɗaukar mutane ne a cikin ɗaki, wanda ya ba ni shawarar kuma filin wasa yake zuwa. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wane hoto ne nake ta nema yana gagara ta, kuma me ke hana shi fitowa?

Amsar tana cikin kwamfutarka. Kowane hoto na dijital yana ɗauke da bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, waɗanda ake kira EXIF: a milimita nawa zum yake lokacin da ka ɗauka, yaya buɗin ƙofar haske, yaya saurin ƙiftawar kyamara, ISO nawa, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, wanda idan ya yi yawa hoto ke yin yashi-yashi. Manhajoji irin su Lightroom suna iya tace hotuna bisa waɗannan lambobi. Ka zauna da hotunan wata shida, kada ka tsaya ga masu kyau kawai, ka fi mai da hankali ga waɗanda ka so amma suka ƙi. Idan yawancinsu a 55 suke kuma sai da ka yanke gefe da gefe kafin abin da kake so ya cika hoton, tsawo kake nema. Idan a 18 suka taru, kana tuna yadda ka jingina da bango amma ɗakin ya ƙi shiga, faɗi kake nema. Idan kuwa a tsakiya suke, tsarinsu daidai, sai dai duhu da yashi-yashi da dishi-dishi sun ɓata su, to matsalarka haske ce, kuma a ganina nan ne mafi yawan mutane suke, ko da ba su sani ba.

Maganar haske

Lambar da ke bayan harafin f ita ta fi rikita sabon shiga, saboda a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Dalilin kuwa lissafin rabawa ne. Ana raba tsawon lensi, wato lambar milimitar nan da ke rubuce a jikinsa, da faɗin ƙofar da haske ke bi. Lensi mai 50mm da ƙofarsa ta buɗe milimita 25, f/2 ke nan. Idan ta tsuke zuwa kimanin milimita 6, ya koma f/8. Matakan da aka saba su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk mataki ɗaya da ka hau, hasken da ke shiga ya ragu da rabi.

Yanzu koma kan rubutun da ke jikin zum ɗin kwali. Ma'anar f/3.5-5.6 ita ce a 18mm yana iya buɗewa zuwa 3.5, amma kana murɗa shi ƙofar tana raguwa, kafin ka kai 55mm ta tsaya a 5.6. Wato a daidai wurin da ya fi dacewa da hoton fuska, a nan ya fi rowar haske. Kafaffen lensi, irin wanda ba ya zum, mai 50mm f/1.8, yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da zum ɗin ke shigarwa a 55mm. A aikace, ɗakin da ya tilasta maka ƙiftawar 1/15 na daƙiƙa, wadda ko juya kai mutum ya yi sai fuskarsa ta shafe, a f/1.8 zai ba ka kimanin 1/160. Ko kuma ka bar saurin yadda yake, ISO ya sauko daga 6400 zuwa 640, yashi-yashin ya tafi. Babu wata sabuwar kyamara da za ta yi maka irin wannan tsallen.

Wani zai ce ai zum ɗinsa yana da na'urar hana girgiza. Gaskiya ne, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Canon na ce mata IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC. Amma rawar hannunka kaɗai take gyarawa. Za ta ba ka damar ɗaukar gini ko kujera da daddare ba tare da dishi-dishi ba, sai dai ba ta da ikon tsayar da yaron da ke gudu ko mai jawabi da ke ɗaga hannu. Abin da ke motsi saurin ƙiftawa kaɗai ke kama shi, saurin kuma haske ke sayo shi.

Babbar ƙofa tana da nata haraji. Gwargwadon buɗinta, gwargwadon sirantar yankin da ke fitowa tangaran. Shi ne ke narkar da baya ya ba ka hoton da ka yi sha'awa tun farko, shi ne kuma zai sa ka jera mutum shida a layi biyu, na gaba su fito fes, na baya su zama inuwa. Da 85mm a f/1.4, idan ka matso har kai da kafaɗa suka cika hoton, ido ɗaya na iya fitowa ɗayan ya dushe. Saboda haka ne ban cika ƙarfafa wa mai farawa gwiwar tsallake f/1.8 ya nufi f/1.4 ba. Tsakaninsu kashi biyu cikin uku ne kacal na mataki ɗaya, amma bambancin nauyi da tsada mai yawa ne, kuma sau da yawa a f/2 ko f/2.8 za ka ƙare kana aiki. Mafi yawan lensi ma sun fi kaifi idan an ɗan tsuke su, wajen f/5.6 zuwa f/8.

Tarkon da ke cikin shawarar "sayi 50"

Shawarar da aka fi bai wa sabon shiga ita ce ya sayi 50mm f/1.8, kuma tana da tushe. Ƙirarsa mai sauƙi ce, yana cikin mafi araha a kusan kowane kamfani, ga rashin nauyi: na Canon mai suna EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, giram 160 ne. Ga kuma tarihi a bayansa. Oskar Barnack, injiniyan kamfanin Leitz da ke Wetzlar a Jamus, shi ya ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya tsara masa hoto mai girman 24 da 36, kuma Leica da ta shiga kasuwa a 1925 da lensin 50mm ta zo. Daga kusurwa zuwa kusurwa wannan girman kimanin milimita 43 ne, shi ya sa ake ɗaukar duk lensin da ke kusa da haka a matsayin matsakaici, wanda ba ya janyo abu kusa, ba ya kuma tura shi nesa. Shahararren mai ɗaukar hoto Henri Cartier-Bresson na Faransa da 50mm ya yi mafi yawan aikin rayuwarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wannan magana a kan girman 24 da 36 aka gina ta, wanda a yau ake kira cikakkiyar sensa (sensa ita ce ɗan faifan da ke kama hoto a cikin kyamarar dijital a madadin fim). Kyamarar da ta zo da 18-55 kuwa ƙaramar sensa gare ta, samfurin APS-C, wadda tsakiyar abin da lensi ya haska kawai take kamawa. Domin sanin yadda lensi zai yi a kanta, ana ninka lambarsa da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon. A tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka ɓullo da shi a 2008, da 2 ake ninkawa. Ke nan 50mm a kan APS-C yana gani ne kamar 75 ko 80. Ga hoton fuskar mutum ɗaya, madalla. Amma a ɗan ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har ka bugi bango, mutum uku ba su shiga ba. Wanda ke son ganin da Cartier-Bresson ke yi, a kan APS-C 35mm zai nema, ko 30 ko 33, a kan Micro Four Thirds kuma 25mm.

Akwai wani abu da ake yawan faɗa ba daidai ba, cewa dogon lensi yana gyara fuska, gajere yana ɓata ta. Abin da ke canza siffar fuska shi ne tazarar da ke tsakaninka da mutumin. Idan ka sa 24mm kana so fuska ta cika hoton, dole ka matso dab da hancinsa, kuma daga can hanci ya fi kunne kusa da kai ƙwarai, sai ya kumbura. Da 85mm, daga mita biyu ko uku za ka cika hoton, hanci da kunne kusan tazara ɗaya suke daga gare ka, fuskar ta zauna daidai. Lensi kawai ya ba ka izinin tsayawa inda ya dace. Fahimtar wannan tana sauƙaƙa zaɓi, domin tambayar ta koma: a ina nake iya tsayawa a wuraren da nake ɗaukar hoto?

Idan nisa ne matsalar

A nan lissafin rabawar nan yake dawowa ya ciji aljihu da kafaɗa. Domin 200mm ya buɗe f/2.8, ƙofarsa sai ta haura milimita 70. Domin 400mm ya yi haka, sai ta haura 140, gilashi mai faɗin ƙaramin faranti. Abin da ya sa manyan lensin da ake gani a gefen filin ƙwallo suke da girman da suke da shi ke nan. Shahararren 70-200mm f/2.8 na kyamarori masu madubi a cikinsu, waɗanda ake kira DSLR, kusan kilo ɗaya da rabi ne, sababbin na marasa madubi daga Canon da Sony sun sauko zuwa kilo ɗaya da 'yan kai. Ɗan'uwansa mai f/4 kusan rabin nauyin tsohon ne, kuma mataki ɗaya tak ka rasa. Idan da rana kake aiki a waje, ko kana yawan tafiya a ƙafa, f/4 ɗin ya fi yiwuwar biyo ka fita. Mai ɗaukar taro a ɗaki ko wasan dare shi ke da hujjar ɗaukar nauyin f/2.8.

Ga wanda ke da zum ɗin kwali kuma yana son leƙa wannan fage ba tare da ya yi nisa ba, akwai masu 55-200 da 55-250 da 70-300. Ba su da yalwar haske, amma da rana suna aiki yadda ya kamata. Tsuntsaye kuwa wani babi ne: ƙasa da 400mm wahala ce zalla, shi ya sa masu 150-600mm na Sigma da Tamron suka karɓu, duk da nauyinsu yana kai kilo biyu ko fiye. Kuma ka tuna tsohuwar ƙa'ida, cewa idan da hannu kake riƙe, saurin ƙiftawa kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lensin. A 300mm, 1/300 ko sama. Akwai kuma ɗan gilashin da ake sawa tsakanin kyamara da lensi ya ƙara tsawo. Mai ninka 1.4 yana cin mataki ɗaya na haske, mai ninka 2 yana cin biyu, kuma ba kowane lensi ke karɓar sa ba.

Masu faɗi ba sa buƙatar dogon bayani, sai gargaɗi ɗaya. A cikakkiyar sensa 24mm yana kwaso kusan digiri 84, 50mm kuma 47, kuma a wannan ɓangaren kowace milimita tana da tasiri: tsakanin 16 da 20 akwai bambancin da babu shi tsakanin 200 da 210. Mai ɗaukar ɗakuna da gine-gine ba shi da makawa, sai irin su 10-18 ko 10-20 a APS-C, ko 16-35 a cikakkiya. Amma wanda ke zaton faɗi ne zai ƙawata masa hoton tsauni da fili yakan sha mamaki, domin komai ƙanƙancewa yake yi, rabin hoton ya zama sama, rabi ƙasa. Sai da wani abu a gaba-gaba, dutse ko itace ko mutum, irin wannan hoton ke tsayuwa.

Idan kuma ƙananan abubuwa kake bi, ƙwari ko zobe ko ƙwayar ido, kana matsowa fokas yana ƙin kamawa, lensin makro kake nema, kuma ka duba a rubuce an ce 1:1, wato abu mai tsawon santimita ɗaya zai kwanta a kan sensa da girman santimita ɗaya. Zum da yawa suna ɗauke da kalmar makro a jiki alhali rabin haka ko rubu'i suke kaiwa. Masu 90 da 100 da 105mm sun fi daɗin aiki, saboda ba sai ka kusanci ƙwaro har inuwarka ta kore shi ba, ga shi suna yin hoton fuska mai kyau a matsayin gyara.

Sai zum mai cewa zai yi komai, irin 18-200 ko 18-300 ko 28-200. Ba na raina shi. Ga matafiyin da ba ya son canza lensi a cikin ƙura, ko iyayen da ke bin yara, ya fi lensi uku da aka bari a gida. Amma ba a tauna taura biyu lokaci guda: a ƙarshen tsawonsa yakan tsaya a f/5.6 ko f/6.3, kaifinsa kuma yana raguwa. Idan duhu ne ya kawo ka kasuwa kuma ka ɓige da sayen wannan, to an gudu ba a tsira ba. Wanda yake son zum kuma yake son haske, 24-70mm f/2.8 ne nasa a cikakkiyar sensa, a APS-C kuma irin su 17-50 ko 18-50 f/2.8. A 2013 Sigma ta fitar da 18-35mm mai f/1.8 tun daga farkonsa har ƙarshe, sai dai gajeren zango gare shi, ga nauyi.

Wani lokacin ma binciken hotunan zai nuna maka lensi ba shi da laifi. Hoton dare na gari ko taurari da ya girgiza, matokari mai ƙafa uku yake so. Fuskar da ta yi duhu a ɗaki, wataƙila fitilar filash da aka harba wa rufi ta dawo a tausashe ta fi sabon gilashi amfani. Hoton da fokas ya kama bango ya bar mutum, saitin kyamara ne ba a koya ba.

Kafin ka biya

Kowane kamfani da irin bakin da lensi ke ɗaurawa, kuma ko a cikin kamfani ɗaya baki ya kasu. Nikon na da F tun 1959, ta ƙaro Z a 2018. Canon na da EF tun 1987, ta ƙaro RF a 2018. Sony na da E tun 2010, Fujifilm na da X tun 2012, Leica da Panasonic da Sigma kuma suka haɗu a kan L a 2018. Cire madubi ya matso da baki kusa da sensa: a Nikon daga milimita 46.5 zuwa 16, a Canon daga 44 zuwa 20. Saboda haka tsohon lensi yana hawa sabuwar kyamara da adafta, wadda ke cike gurbin da ya rage, amma sabon lensi ba ya hawa tsohuwar kyamara, tunda babu yadda za a matso da shi ciki. Ga mai marar madubi wannan garaɓasa ce, domin tarin tsofaffin lensin EF da F a buɗe suke gare shi.

Akwai ƙananan ramuka da ke kama mutane. Nikon jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D zai ɗauru lafiya amma da hannu za ka riƙa murɗa fokas. Mai alamar AF-S ne ke yi da kansa. Haka abin yake idan ka ɗora wannan tsohon a kan Z ta adaftar FTZ. A Canon, lensin EF-S, wanda aka ƙera wa APS-C, ba ya shiga DSLR mai cikakkiyar sensa, kuma EF-M da RF ba sa hawa kan juna duk da dukansu na marasa madubi ne. A Sony, lensin da aka ƙera wa APS-C zai yi aiki a kan cikakkiyar sensa, amma kyamarar za ta yanke hoton, ka yi asarar fiye da rabin ɗigoginsa. Masu ƙera wa kowa, irin su Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox, lensi ɗaya suke fitarwa da baki daban-daban, sai ka tabbatar naka ka ɗauko. Mai bidiyo kuma ya saurari ƙarar injin fokas, domin makirufo zai ji ta.

Na hannu ba abin gudu ba ne, lensi ya fi kyamara jure shekaru nesa ba kusa ba. Sai dai ba a cinikin biri a sama. Ka cire marufi gaba da baya, ka haska tocila ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan babu lensin da ba shi da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, mai kama da yanar gizo-gizo, da hazo a cikin gilashi, da maiƙo a kan ganyayen ƙofar haske. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Sannan ka ɗora shi a kyamararka, ka ɗauki bango mai bulo ko shafin jarida a miƙe da ƙofa a buɗe, ka gwada kusurwoyi huɗu. Idan ɗaya ta fi sauran dushewa ƙwarai, gilashin ciki ya goce, mai yiwuwa lensin ya taɓa faɗuwa.

Idan kafaffe kake tunanin saye kuma kana waswasi tsakanin 35 da 50, zum ɗin da ke hannunka zai raba gardama. Murɗa shi zuwa 35, ka naɗe zoben da ake murɗawa da salatif, ka yi mako guda ba ka taɓa shi ba, duk abin da za ka ɗauka da ƙafa za ka matsa ko ka ja baya. Mako na biyu ka mai da shi 50. Ba zai nuna maka hasken f/1.8 ba, amma zai nuna maka a wane mako ka fi bugun bango da baya, a wanne kuma ka fi yanke hotuna da ka dawo gida. Idan kuwa tun kwana na uku haushi ya sa ka ɓare salatif ɗin, to zum mai f/2.8 za ka soma dubawa.